Harajin Jiha Da Takardun Mota: Lissafin Mai Neman Mazauni Bayan Ritaya

Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya yakan ajiye aiki ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko kuwa ya yi shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ga dubban 'yan Arewa waɗanda aiki ya kai su Ikko, Badun, Fatakwal, Warri ko Abuja, ko ma'aikatan tashar jiragen ruwa ne, ko na kwastan, ko na bankuna da kamfanonin mai, ranar sallama takan zo da tambayar inda za a zauna. Wasu sun gina gida a garin da suka yi aiki, a can 'ya'yansu suka tashi, a can suka yi makaranta. Wasu kuwa tun ranar da suka kama aiki hankalinsu yana gida. Tsarin Mulkin 1999 bai ɗaure kowa ba, domin sashe na 41 ya ba ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so, sashe na 43 kuma ya ba shi 'yancin mallakar gida ko fili a ko'ina cikin tarayya. Abin da ya rage shi ne lissafi, kuma wanda albashinsa ya tsaya ba ya raina Naira ɗaya da za ta riƙa fita daga aljihunsa kowace shekara.

A cikin wannan lissafi abubuwa biyu sukan yawaita a bakin mutane, wato harajin jiha da kuɗin takardun mota. Akan ji ana cewa jiha kaza ta cika tatsar jama'a, jiha kaza kuwa rajistar mota a cikinta kusan kyauta ce. Irin wannan magana tana da tushe a Amurka, inda kowace jiha take da ikon yanka wa mazaunanta haraji a kan abin da suke samu yadda majalisarta ta ga dama. Florida da Texas da Nevada ba sa karɓar wannan haraji ko kaɗan, alhali a California mai samu da yawa yakan biya har kashi 13.3 cikin 100. A Virginia ƙananan hukumomi sukan kimanta darajar mota kowace shekara su karɓi haraji a kanta, kamar yadda ake yi wa gida. Tun kuma da aka sa hannu a kan wata dokar tarayya a 1996, wadda ta hana jiha bin fenshon wanda ya bar ta da haraji, tsofaffin ma'aikatan ƙasar suka ƙara samun dalilin kwashe kayansu daga jihohi masu tsada zuwa masu sauƙi.

Tsarin Nijeriya dabam yake. A nan, ma'aunin harajin samu da farashin lambar mota da na lasin tuƙi duk daga sama ake yanka su, kuma ɗaya ne tun daga Badagry har Baga. Bambanci tsakanin jihohi yana nan, yana kuma iya cin kuɗi masu yawa, sai dai ya ɓuya ne a wuraren da mai lissafi bai cika dubawa ba, wato a kan gida da fili, a kan motar haya, da kuma a kan zirga-zirgar da takardu suke jawo wa wanda ya manyanta.

Fensho da abin da ake samu bayansa

Tsarin mulki ya sanya harajin samu cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take yi wa doka. Aikin jihohi shi ne su karɓa daga mazaunansu, su kuma riƙe abin da suka karɓa. Haka abin yake a ƙarƙashin Dokar Soja mai lamba 104 ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2011, haka kuma yake a ƙarƙashin sabuwar Dokar Haraji ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Babu gwamnan da yake da ikon ƙara wannan ma'auni ko rage shi don ya jawo mutane zuwa jiharsa.

Shi fensho kansa ba ya shiga haraji. Sashe na 173 na tsarin mulki ya hana ɗora haraji a kan fenshon wanda ya yi wa Gwamnatin Tarayya aiki, sashe na 210 kuma ya yi irin wannan hani game da ma'aikatan jihohi. Dokar Gyaran Fensho ta 2014, wadda ta shafi masu asusun adashen fensho a gwamnati da kamfanoni, ita ma ta ce abin da aka biya mutum a matsayin haƙƙinsa na ritaya ba a cire masa haraji. Sabuwar dokar ta 2025 ta tabbatar da wannan, har da garatuti. Ke nan wanda fenshonsa kaɗai yake ci babu jihar da take bin sa harajin samu a cikin jihohi 36, haka ma Abuja.

To, amma 'yan fensho nawa ne suke zama da fensho kaɗai? Da yawa sukan zuba garatuti a gidan haya, ko kanti, ko gona, ko kiwon kaji, wasu kuma sukan koma aikin kwantiragi a inda suka bari. Duk abin da ya shigo ta waɗannan hanyoyi yana shiga haraji kamar na kowa. Bisa sabon ma'auni, N800,000 na farko a shekara ba a taɓa su. Naira miliyan 2.2 da suke biye ana cire musu kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Wanda yake zaune a gidan haya kuma an yarje masa ya cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa daga abin da za a yi wa lissafi, muddin rangwamen bai wuce N500,000 ba.

Alal misali, a ɗauki tsohon ma'aikaci mai karɓar fensho, wanda kuma ya bar gida a Agege yana kawo masa haya Naira miliyan 2 a shekara. Fenshon ba ya cikin lissafi. A cire N800,000 daga kuɗin hayar, saura miliyan 1.2, kashi 15 cikin 100 na wannan kuwa N180,000 ne, kafin a duba kuɗin gyare-gyare da sauran abubuwan da doka ta yarda a cire. Wannan adadi ba ya canjawa ko a Agegen yake zaune ko a Gusau. Abin da ke canjawa shi ne asusun da kuɗin za su faɗa, domin harajin samu mazaunin mutum yake bi, ba ya bin inda ginin yake. Idan ya koma Gusau, hukumar tara kuɗin shiga ta Zamfara ce take da haƙƙi a kansa.

Akwai wani abin lura a cikin wannan misali. Idan babban kamfani ne ko wata ma'aikatar gwamnati take haya a gidan, doka ta wajabta mata ta riƙe kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar ta kai wa hukumar haraji da sunan mai gida. Kashi 10 na miliyan 2 kuwa N200,000 ne, wato ya ma zarce abin da ake binsa. Mai gidan da bai nemi takardar shaidar wannan cirewa ba, ko wanda ya bari aka ci gaba da kai kuɗin ga jihar da ya bari, zai iya samun kansa ana nemansa da biya na biyu a sabon mazauninsa, alhali shi ne ma yake bin bashi.

Maganar mazauni takan rikice ga mai gida biyu, kuma 'yan Arewa mazauna Kudu da yawa haka suke, iyali ɗaya a Kano, ɗaya a Ikko. Dokar 1993 ta ɗauki inda mutum yake zaune ranar 1 ga Janairu a matsayin mazauninsa na wannan shekara, ga mai gida biyu kuma akan duba inda ya fi zama. Sabuwar doka ta ci gaba da dogara ga mazauni. Idan jihohi biyu suka yi jayayya a kan mutum ɗaya, akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Tara Kuɗin Shiga, wadda ta gaji tsohuwar Hukumar Haɗin Gwiwa ta Haraji, akwai kuma kotun sauraron ƙorafin haraji da ofishin mai karɓar koke-koken masu biyan haraji, wanda dokokin 2025 suka kafa. Hanya mafi sauƙi dai ita ce mutum ya rubuta wa hukumar jihar da zai bari ya sanar da ita ƙaurarsa, ya kuma yi rajista a inda ya sauka.

Gaskiya ne cewa jihohi ba su yi daidai ba wajen bin diddigi. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a 2023 Jihar Legas ta tara Naira biliyan 815.86 a cikin gida, alhali Taraba ta tara biliyan 10.87 kacal. Mafi yawan wannan tazara daga yawan kamfanoni da masu albashi ta fito, amma akwai kuma ƙwarewar ma'aikatan haraji da tsaron rajista. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin dalilin komawa jihar da ba a matsa wa kowa. A ganinmu wannan dogaro ne da abin da ba zai daɗe ba. Kowace jiha yanzu tana neman kuɗin shiga ido rufe, lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN kuma ta zama lambar haraji ga ɗaiɗaikun mutane. Bugu da ƙari, inda rajista ba ta da ƙarfi a nan ne jami'i ya fi yanka wa mutum haraji da ka, ya dubi girman gida da motar da ke ƙofa ya rubuta abin da ya ga dama. Wanda yake da takardunsa a hannu ne kawai yake iya jayayya da irin wannan ƙiyasi.

Mota: ta gida da ta haya

Farashin lambar mota da na lasin tuƙi hukumar haɗin gwiwa ce take yanka shi wa ƙasa baki ɗaya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce take kula da tsarin bai ɗaya, ofisoshin lasin na jihohi kuma su suke bayarwa su karɓi kuɗi. A 2021 aka ɗaga kuɗin lambar motar gida daga N12,500 zuwa N18,750. A Yunin 2025 aka sake ɗaga shi zuwa N30,000, lasin tuƙi na shekara uku ya koma N15,000, na shekara biyar kuma N21,000. Inshorar dole, wadda take biyan wanda motar mutum ta yi wa ɓarna, ita ma farashinta ɗaya ne a ko'ina. Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta ɗaga ta daga N5,000 zuwa N15,000 ga motar gida tun daga Janairun 2023, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Kuɗin fito na kwastan kuwa na Gwamnatin Tarayya ne, ba ruwan jiha da shi.

Lambar da aka yanka a wata jiha tana aiki a duk faɗin ƙasar. Haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista ne kawai, kamar KJA ta Ikeja, KMC ta Birnin Kano, ko DKA ta Kaduna ta Arewa. Wanda ya koma Katsina da mota mai lambar Legas ba dole ba ne ya sake lamba. Abin da ya rage a hannun jihohi shi ne kuɗin sabunta lasin mota na shekara-shekara, wanda ake yankawa bisa girman inji da irin motar, da takardar lafiyar mota, da 'yan ƙananan kuɗaɗen da kowace jiha take liƙawa a jiki. Ga ƙaramar motar gida, bambancin da ke tsakanin jiha da jiha a nan 'yan dubban Naira ne a shekara. Bai kai abin da zai sa mutum ya canja gari ba.

Inda aka fi jin bambanci shi ne tsanani. Tun Janairun 2022 Legas ta ce ba za ta ba da takardar lafiyar mota ba sai an kai motar cibiyar gwaji an duba ta da na'ura, ta kuma kafa kyamarori masu karanta lamba a manyan tituna, waɗanda suke aika wa mai takardun da suka ƙare sammacin tara ba tare da wani ya tare shi ba. Ga mai tsohuwar mota, kuma yawancin 'yan fensho irinta suke da ita, gyaran da gwaji zai tilasta yana iya fin kuɗin takardar nesa ba kusa ba, ko da yake birki mai kyau ba asara ba ne. A Abuja, Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukunci a Oktoban 2024 cewa jami'an VIO na babban birnin ba su da ikon tsare mota a hanya ko cin tara, sai gwamnatin Legas ta fito ta ce hukuncin bai shafe ta ba, domin nata jami'an da dokar jiha suke aiki. Kano tana da KAROTA, Kaduna tana da KASTLEA, kowacce da nata jerin laifuffuka da tara. Bayanan rajistar mota kuma suna zaune ne a rumbun jihar da ta yanka lambar, don haka ya kamata mai ƙaura ya tambayi ofishin lasin na inda zai sauka ko suna sabunta takardun wata jiha, tun kafin nasa su ƙare.

Man fetur ya fi duk waɗannan tasiri a aljihun mai mota. Kafin janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnati takan biya kuɗin dakon mai don farashi ya zama kusan ɗaya a ko'ina. Da aka janye, jadawalin farko da kamfanin NNPC ya fitar ya sa lita a kan N488 a Legas, N537 a Abuja, N557 a Borno da Yobe. Mai shan lita 100 a wata, wannan tazara ta N69 tsakanin Ikko da Maiduguri ta zama N82,800 a shekara, wato fiye da ninki huɗu na kuɗin sabuwar lamba a wancan lokaci. Farashin ya sha canjawa tun daga nan, amma dalilin tazarar yana nan, tunda daga bakin teku ake ɗauko man. Sai dai kuma wanda ya bar cunkoson Apapa ya koma garin da masallaci da kasuwa da asibiti duk suke kusa, litar da zai sha a wata za ta ragu ƙwarai. Wannan lissafi kowa shi zai yi wa kansa.

Duk abin da aka faɗa a sama game da motar gida ne, mai lamba da shuɗin rubutu. Da zarar mutum ya sayi bas ko a-daidaita-sahu da garatutinsa ya sa ta haya, lambar ta koma mai jan rubutu, ya shiga wata duniya, kuma a nan ikon jiha da ƙaramar hukuma yake da faɗi. Akwai izinin haya, akwai kuɗin tasha, akwai tikitin kullum, ban da na ƙungiya. A Fabrairun 2022 Legas ta shigo da harajin N800 a kowace rana ga motocin haya. Motar da ta fita kwana 300 a shekara za ta biya N240,000, ninki takwas na kuɗin lamba a farashin 2025. A Kano, harajin N100 a rana ne ya sa masu a-daidaita-sahu suka yi yajin aiki a Fabrairun 2021, birnin ya tsaya cik. Jiha tana ma iya hana sana'ar ɗungurungum: Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a birni a Janairun 2013, Legas kuma ta hana shi a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, ta ƙara wasu huɗu bayan wata uku. Wanda ya yi niyyar cin abinci da abin hawa bayan ritaya, dokokin sufuri na jihar da zai zauna sun fi masa muhimmanci a kan duk wani harajin samu.

Gida da fili

A nan ne kuɗi masu nauyi suke. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, wanda takardar shaidar mallaka take tabbatarwa, kuma yana tafe da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Sashe na 22 na dokar ya ce ba a sayar da irin wannan fili ko a jinginar da shi sai da amincewar Gwamna, Kotun Ƙoli kuma ta nuna a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989 cewa cinikin da ba shi da wannan amincewa ba ya tsayawa. Kuɗin amincewa da na rajista kowace jiha ita take yanka nata, kuma kaso ne na darajar gidan kamar yadda gwamnati ta kimanta, ko da kuwa an saye shi ƙasa da haka. A 2015 Legas ta rage jimillar waɗannan kuɗaɗe daga kashi 13 zuwa kashi 3 cikin 100, abin da yake nuna irin faɗin ikon da jiha take da shi a wannan fanni. A gidan Naira miliyan 30, kowane kashi ɗaya N300,000 ne, kuɗin lambar mota goma. Bisa al'ada mai saye ne yake ɗaukar yawancin wannan nauyi, saboda haka wanda zai sayar a Kudu ya saya a Arewa, jadawalin ma'aikatar ƙasa ta jihar da zai koma shi ne takarda ta farko da ya kamata ya nema. Ta ɓangaren ribar sayarwa kuwa, sabuwar dokar haraji ta yafe wa mutum haraji a kan gidan da yake zaune a ciki, bisa wasu sharuɗɗa, amma ba ta yafe na gidan haya ba.

Legas ta haɗe kuɗin ƙasa da harajin gini da na gyaran unguwa wuri ɗaya tun 2001, ta sabunta dokar a 2018, ta kuma yi mata gyara a 2020. A ƙarƙashin wannan gyara, gidan da ɗan fensho ya mallaka kuma yake zaune a ciki an yafe masa harajin, an kuma faɗaɗa ma'anar ɗan fensho ta haɗa da waɗanda suka yi ritaya daga kamfanoni, da duk wanda ya kai shekara 60 ya daina aikin neman kuɗi. Wannan rangwame ne na gaske, kuma yana cikin dalilan da za su iya sa mutum ya zauna. Amma sharaɗinsa zama a cikin gidan. Ranar da mai gida ya koma Arewa ya zuba 'yan haya, rangwamen ya faɗi, gidan ya koma sahun gidajen da ake neman kuɗi da su, waɗanda ma'auninsu ya fi na gidan zama. Ke nan tsohon ma'aikacin nan na Agege zai biya Zamfara harajin samu a kan kuɗin haya, ya kuma biya Legas harajin ginin. Ba biya biyu ba ne a idon doka, haraji ne iri biyu, amma daga aljihu ɗaya suke fita.

Wanda ya sayi fili a gida tun yana tsakiyar aiki ya bar shi, shi ma yana da abin dubawa. Kuɗin ƙasa ba ya mutuwa don ba a zo karɓa ba, taruwa yake yi, kuma sashe na 28 na dokar 1978 ya ba da damar soke izini idan aka saɓa wa sharuɗɗansa. Shekaru da yawa ana ɗaukar wannan a matsayin barazanar takarda kawai, sai a Maris ɗin 2025 Ministan Babban Birnin Tarayya, Nyesom Wike, ya soke takardun filaye 4,794 a unguwanni irin su Wuse, Garki, Maitama da Asokoro, saboda masu su sun yi shekara goma ko fiye ba su biya ba. Jihohi da dama kuma sun mayar da rajistar filayensu cikin kwamfuta, kamar KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano da NAGIS a Nasarawa, kuma irin wannan aiki yakan zo da kiran masu tsofaffin takardu su kawo a sabunta. A wurin sabuntawar ne bashin shekaru yake fitowa fili.

Masu ritaya a yau suna yara lokacin da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, kuma da yawa sun tashi da tunanin cewa a ƙauye babu mai tambayar kowa ko kwabo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda filin karkara a hannun ƙaramar hukuma yake kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Duk da haka, jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi aikin kimanta gidaje don karɓar harajin gini, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da kantuna da mahauta, da ba da lasin kekuna da amalanke. Mai buɗe kanti ko injin niƙa a garinsu zai gamu da masu rasit, ko da ba su kai na birni yawa ba.

Takardu da tafiye-tafiye

Akwai takarda ɗaya da take haɗa duk waɗannan, wato takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce. Dokar 1993 ta jera wuraren da ake neman ta, ciki har da rajistar mota, neman takardar mallakar fili, amincewa da zanen gini da sauya sunan mai gida, kuma ma'aikatun ƙasa sun saba tambayarta. Ɗan fensho ba a binsa haraji, amma wannan bai ɗauke masa nuna takardar ba. Tarihin harajinsa kuwa yana jihar da ya yi aiki, inda aka riƙa cirewa daga albashinsa wata-wata. Wanda ya tashi bai karɓi wannan shaida ba, ranar da ya je neman izinin gini a garinsu zai tsaya a gaban jami'in da bai san shi ba, ba shi da abin nunawa. Haka kuma doka tana son kowane mai samu ya cika takardar bayanin abin da ya samu a shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris, kuma ta wannan hanya ce ɗan fensho yake kafa tarihi a sabuwar jiharsa, ko da abin da zai biya sifiri ne.

Ƙaura kuma ba ta canja mai biyan fensho. Wanda yake cikin tsarin adashe, wanda Hukumar Fensho ta Ƙasa take sa wa ido tun 2004, kuɗinsa daga kamfanin da ke riƙe da asusunsa ko daga kamfanin inshora suke zuwa banki, ko'ina yake zaune. 'Yan tsohon tsari na Gwamnatin Tarayya suna ƙarƙashin hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013, kuma ta shigo da hanyar da ɗan fensho zai tabbatar yana raye ta waya ko kwamfuta ba sai ya je ofis ba. Wanda ya yi wa wata jiha aiki a tsohon tsari kuwa yana ɗaure da baitulmalin wannan jiha har ƙarshen ransa, ko tana biya a kan lokaci ko ba ta biya. Idan ta kira tantancewa ta ce kowa ya zo da kansa, sai ya je. Tsakanin Ikko da Kano kusan kilomita 1,000 ne, kuma zuwa da dawowa sau ɗaya, da masauki da abinci da ɗan rakiya idan jiki ya yi rauni, ya fi kuɗin takardun motarsa na shekara.

Saboda haka kafin a kira babbar motar kwasar kaya, akwai ofisoshi uku da ya kamata a leƙa a jihar da za a bari. Na farko hukumar haraji, don karɓar shaidar shekara uku da sanar da ƙaura a rubuce. Na biyu ofishin lasin, don sabunta takardun mota a tabbatar babu tarar kyamara da ke rataye a kan lambar, domin irin wannan tara takan hana sabuntawa daga baya. Na uku ma'aikatar ƙasa, idan za a bar gida a baya, don a biya abin da ya taru a kuma sauya matsayin gidan daga na zama zuwa na haya, tare da ba da adireshin wanda zai riƙa karɓar takardar neman biya a madadin mai gida.